Mai Gangar da Na Yi Niyyar Kora

Shekarun baya, lokacin da gari ya fara lafawa har mutum yana iya zama a bakin shago ya yi musu a kan abin da ba zai amfane shi da komai ba, ni da wasu abokaina uku muna da 'yar ƙungiyar kiɗa a unguwar Bulumkutu, cikin Maiduguri. Kada ku yi dariya. Kiɗan rok muke yi, irin na Turawa, mai jita da ganguna, a garin da in ka ce kiɗa sai a ɗauka ganga da algaita kake nufi. Ni ne mai jita, ni kuma na naɗa kaina shugaba, tunda ba wanda ya nemi kujerar. Akwai mai waƙarmu, akwai mai jitar bes, wato babbar nan mai kaurin murya. Sai abokina mai ganguna, wanda saboda shi nake wannan rubutu.

Abokin nan nawa tun firamare muke tare. Mutumin kudancin Borno ne, Kirista, kafinta, a cocinsu ya koyi kiɗa. Ba shi da yawan magana. In muka zauna ni ne rediyo, shi ne mai sauraro. Mahaifiyata ba ta taɓa zuba min abinci ba tare da ta tambaya ko yana waje ba, kuma ƙofar ɗakinta da ke nan har yau shi ya yi ta.

A bayan shagon wani dattijo ɗan kabilar Ibo muke koyon kiɗanmu. Gyaran rediyo yake yi yana kuma sayar da lasifika. Ya fi ni daɗewa a Maiduguri, kuma duk tashin hankalin da aka yi bai rufe shagon ya tafi ba. Oga muke ce masa. Shi ya saka mana ciwon son wata shahararriyar ƙungiyar rok ta Turai, wadda ba sai na kama suna ba, masu wannan ciwo sun san ta. Oga yana da tsohon kaset ɗinsu da yake ajiyewa cikin leda biyu kamar takardar fili. A ciki akwai kiɗan da suka yi ranar da suka je gwaji wani babban kamfanin faifai, tun suna samari ba wanda ya san su. Kamfanin ya saurare su ya ce bai yi ba. Bayan haka suka canza mai gangunansu, suka samu wani kamfanin, duniya kaf ta san su.

A kan wannan kaset muka yi shekara biyu muna musu. Ɓangare ɗaya ya ce mutumin da ya ƙi su shi ne sarkin marasa rabo, arziki ya zo har ofishinsa ya yi sallama, ya ce masa ba kowa a gida. Ɗaya ɓangaren ya ce a'a, ku saurari kaset ɗin da kunnen adalci, kiɗan ranar bai yi daɗi ba, kowa ma zai ƙi su. Oga yana ɓangaren farko, har jijiyar wuyansa ke tashi. Ni kuwa ina canza ɓangare ne gwargwadon wanda nake so in ba haushi a ranar.

Sai namu gwajin ya zo. Wani kamfanin waƙa ya turo mutum daga kudu ya saurari matasa a wani ƙaramin sitidiyo a cikin gari. Muka je da sabon aski da rigunan da muka goge har suna ƙyalli. Muka yi waƙa ɗaya. Mutumin ya cire abin kunnensa ya ce muryar ta yi, amma kiɗanmu gudu yake yi, da tafiya muka fara muka ƙare da sukuwa. Ya sa aka tura mana abin da muka yi a waya, ya ce Allah ya ba da sa'a a gaba.

Sau ɗaya muka saurara, ni da mai waƙa da mai bes, ba tare da abokina ba. Lallai daga tsakiyar waƙar ganguna suna ƙara sauri. To wa ke riƙe da ma'aunin kiɗa in ba mai ganguna ba? Nan take muka yanke hukunci: a canza shi. Ai ga misali nan a tarihi, manyan duniya ma haka suka yi suka ci gaba. Suka ce tunda ni ne shugaba, kuma abokina ne, ni zan faɗa masa. Ranar na fara sanin cewa shugabanci ba ɗaukar hoto a tsakiya ba ne kawai.

Mako biyu ina jan ƙafa. Da na kasa buɗe baki, sai na koma hannunka mai sanda. Duk lokacin da aka tayar da musun kaset ɗin Oga, sai in ce ni yanzu na gano bakin zaren: ba laifin kamfani ba ne, ba na mawaƙan ba ne, mai gangunansu ne ya kashe su a ranar, kuma da ba su yi ƙarfin halin rabuwa da shi ba da ba wanda zai san su. Ina faɗa ina satar kallon abokina. In an yi zagi a kasuwa ai an san da wanda ake. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da ɗaure fatar gangarsa.

Wata Asabar na ƙudura cewa yau zan gama da maganar. Ina shirin fita daga gidanmu a Dala mahaifiyata ta ce in tafi da kawuna, rediyonsa ya daina magana. Kawun nan nawa yayanta ne, mutumin Khaddamari, rikici ne ya dawo da shi wurinmu. Ya yi fiye da shekara arba'in yana kaɗa babbar ganga a bukukuwa tare da masu algaita, har kunnensa na hagu, ɓangaren da yake rataya gangar, ya mutu. Ba ya jin Turanci ko na sallama. Zan faɗi gaskiya tunda abin ya wuce: kunyar fita da shi nake ji. Ni mai jita, mai sanin sunayen mawaƙan Turai, a gan ni cikin keke napep da tsoho rungume da rediyo a cikin tsumma.

Muka isa shagon Oga muka tarar musu ya yi zafi. Oga ya tashi ya ba kawu kujerarsa.

"Lale, Baba, lale. Wushe."

"Wushe, wushe, ɗana," in ji kawu, yana murna an gaishe shi da Kanuri.

Oga ya karɓi rediyon ya ajiye, sai ya tsaya ya dube ni.

"Ba wannan Baba ne ka ce makaɗi ne ba? To shi ke nan, alƙali ya zo. Yau wannan magana zai ƙare."

Na yi dariya na ce, "Oga, rufa mana asiri. Kawu fa bai san jita ba, kuma kunne ɗaya gare shi."

Kawu ya juyo da kunnensa mai kyau ya ce, "Me ka ce?"

"Na ce za a sa maka kiɗan Turawa, Kawu."

"To a sa mana. Kiɗa ai ba shi da ƙabila."

Oga ya kwance ledojinsa biyu ya saka kaset. Ba a gaya wa kawu komai ba, ko su waye, ko me ya faru da su. Da kiɗa ya tashi sai ya ce a matso masa da lasifikar. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya shimfiɗa tafin hannunsa a jikin lasifikar, yadda ake taɓa goshin mai zazzaɓi, ya rufe ido. Babban yatsansa na ɗaya hannun yana ɗan motsi a kan cinyarsa. Haka ya zauna har waƙa uku suka wuce. Mu da muka zo da shirin dariya muka samu kanmu mun zuba masa ido.

Ya ɗaga hannu aka tsayar.

"Yaran nan sanyi suke ji," ya ce. "Yatsunsu ba su yi ɗumi ba. Kuma ba su yi barci ba, ga dukkan alamu daga tafiya suka sauka."

Oga ya zauna a kan wani akwati a hankali.

"Kayan da ke fitar da sautin ma ba nasu ba ne. Suna taɓa su kamar mai tafiya da takalmin aro. Waƙoƙin ma yawanci na mutane ne, suna yi ne don a ce sun iya. Amma waɗannan biyun da ke haɗa murya," ya ɗaga yatsu biyu, "waɗannan sun ci tuwo a kwano ɗaya. Ɗaya bai gama jan numfashi ba ɗayan ya san inda zai sauke shi. Wannan ba a koyar da shi, Allah ke haɗawa."

Jama'a, ku ji abin mamaki. Duk abin da ya faɗa, doguwar tafiyar, sanyin, kayan aron, abubuwa ne da Oga ya sha karanta mana daga tsofaffin mujallunsa. Mu haddace su muka yi. Shi kuwa da tafin hannu ya karanta su, daga kaset ɗin da ya kusa tsinkewa don tsufa, a kan mutanen da bai san da wane yare suke magana ba. Oga ya riƙe kai yana cewa, "Chineke! Ya Allah! Baba, kai kana wurin ne?"

Mai waƙarmu ya ce, "To Baba, da kai ne mai kamfanin, za ka ɗauke su?"

"A ranar? A'a. Zan ce su je su ci abinci, su yi barci, su dawo gobe da kayansu. In ya kore su bai ce su dawo ba, nan ne ya yi wauta. Ba a sayen doki ranar da ya sha tafiya."

Musun shekara biyu ke nan ya mutu a cikin numfashi ɗaya, kuma kowane ɓangare ya ga kamar shi ya ci. Ni kuwa abu ɗaya ke raina.

"Kawu, mai gangar fa?"

Ya ɗan taɓe baki. "Ba shi da laifi, ba shi kuma da daɗi. Hanyarsa yake bi shi kaɗai, ba ya jin 'yan uwansa. Da wuya su daɗe tare."

Wani daɗi ya rufe ni. Na ce a raina yau Allah ya kawo min mai yanka, ni nawa riƙe ƙafa. In kawu ya faɗi irin wannan a kan abokina, a gaban kowa, ni ba sai na ce komai ba. Na zaro wayata na ba Oga na ce ya haɗa da lasifika.

"Kawu, ga wasu yaran kuma, su ma an kore su a gwaji. Ka ji mana nasu."

Abokina ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya sunkuyar da kai. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Ni nawa har da tsani na shiga ina haƙa.

Kawu ya mayar da tafinsa ya rufe ido. Waƙarmu ta tashi. Da aka kai tsakiya sai na ga yatsansa ya tsaya cak, sannan ya ci gaba da sauri. Ya ce a mayar da wurin. Aka mayar. Ya ce a sake. Sau uku. A na ukun sai ya yi wata 'yar dariya ta cikin maƙogwaro, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba tun da ya baro Khaddamari.

"Wannan mai gangar ɗan halak ne," ya ce. "Wa ya koya masa?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Ku saurara da kyau. A nan, daidai nan, mai jitar ya yi tuntuɓe. Ya tsallake bugu ɗaya. Tsoro ya kama shi, sai ya fara gudu, yana so ya gama ya fita. Da mai gangar ya tsaya a kan gaskiyarsa, da kowa ya ji jitar ta faɗi ƙasa warwas. Sai ya yar da nasa bugun shi ma, ya bi shi. Duk inda wancan ya ƙara sauri yana gefensa, yana tare masa. Wanda bai sani ba zai ce ganga ce ke gudu."

Ya buɗe ido yana kallon sama kamar mai tuno wani abu.

"Haka maigidana ya koya mini. Ya ce in mai algaita ya yi tuntuɓe a gaban jama'a, kai ma ka yi tuntuɓe tare da shi, sai a ɗauka salo ne. In ma an gane, a ce kai ne. Mai ganga yana da fata biyu, zai iya ɗaukar zagi. Mai algaita numfashi ɗaya gare shi, in ya karaya shi ke nan. Na ɗauka masu yin wannan sun ƙare."

Oga ya sake mayar da wurin, wannan karon don mu. Kuma wallahi ga shi nan, fili, kamar an haska fitila. Yatsana ya zame, na tsallake, na rikice. Ƙasa da ƙiftawar ido ganguna suka yi wani ɗan tsalle suka same ni. Sau nawa abin ya wuce ta kunnena ban ji ba? Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wani.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Kawu, ai ba ka san ko su waye ba."

Ya mayar da hularsa ya ce, "Kunnena ɗaya ne ya mutu, ɗana, ba biyu ba. Hannun nan na kan jita kullum ta bango nake jin sa a gida. Kana da hannu mai kyau, sai dai ba ka da haƙuri, kamar uwarka." Sannan ya waiga yana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. "Wane ne mai gangar?"

Abokina ya ɗaga hannu kamar ɗan aji. Kawu ya ce ya matso. Ya kama hannayensa biyu ya juya su, ya shafa kantar da ke tafinsa, ta katako da ta sanda. Sai ya jinjina kai.

Da na fita in tare keken da zai mayar da kawu gida, abokina ya biyo ni ɗauke da rediyon da Oga ya gyara. Muka tsaya a bakin titi. Na kasa kallonsa.

"Ka sani?" na ce.

"Na sani mana. Ina bayanka fa."

"Ka kuma san abin da nake shirin faɗa maka yau?"

"Tun mako biyu. Kai in kana ɓoye abu har kunnenka ke motsi."

"To don Allah me ya hana ka magana?"

Ya gyara riƙon rediyon ya ce, "Kai ka fi ni son abin nan. Na san ka, in aka ce kai ne za ka rataye jitar ba za ka sake taɓa ta ba. Ni ko kun kore ni, ranar Lahadi ina da inda zan kaɗa."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba, a bakin titin Bulumkutu, da rana tsaka, masu keke suna ta danna min hon. Na ce masa ya yafe min. Ya ce in daina, mutane suna kallo, za a ɗauka ya mare ni.

Ba mu zama kowa ba, kada ku sa rai. Ƙungiyar ta ƙara shekara uku ta watse ta hanyar da irinta ke watsewa: aure, aiki, ɗaya ya koma Kano. Amma daga ranar abokina ya riƙa zuwa gidanmu da yamma, ba wurina ba, wurin kawu. Su zauna a zaure, tsoho Musulmi da matashi Kirista, ɗaya yana bugu a kan gwiwa ɗayan yana maimaitawa a kan benci. Ni da nake kunyar shiga keke da shi, sai ga ni a bakin ƙofa ina roƙon a bar ni in saurara.

Har yau ina ganin masoya waccan ƙungiya a intanet suna musun nan namu, wasu na zagin kamfani, wasu na zagin mai ganguna. Da ni ne na da, da na shiga da dogon sharhi. Yanzu sai in karanta in wuce, don na san mu duka labari muka haddace, kuma na taɓa zama kusa da wanda ya ji abin da kansa. Na kuma koyi cewa in abu ya lalace a tsakanin mutane, wanda aka fi jin ƙararsa ba lallai shi ne ya ɓata ba. Wani lokaci shi ne ya tsaya ya tare.

Da kawu ya rasu, bayan an yi bakwai, mahaifiyata ta shiga ɗakinsa ta fito da babbar gangarsa a naɗe cikin zane. Na miƙe ina gyara riga, don a duk dangi ni kaɗai ne makaɗi. Ta wuce ni ta ajiye ta a gaban abokina. Ta ce wasiyya ce, kawu ya ce a ba wanda ya san abin da ake yi da ita.

Ban ji haushi ba ko kaɗan. Ni na ɗaukar masa ita har gida.